Manhajar koyon kalmomi da na saukar wa yarana

Gaskiya na jima ina neman abin da zai taimaka wa yarana da kalmomi, don ƙamus kawai ba ya musu komai, su karanta ma'ana yau gobe sun manta. To wata uku ke nan muna amfani da wata manhaja a waya, abin da ya burge ni shi ne kowace kalma sai an kawo ta cikin jimla har mataki uku. Misali "inuwa", matakin farko: "Kare ya kwanta a inuwa." Na biyu ya ɗan tsawaita: "Da rana ta take sai muka koma inuwar bishiya muka huta." Na ukun kuwa an kai ta ma'anar aro, wai yaro ya tashi a inuwar kakansa, nan fa babbar 'yata ta tsaya tana tambaya wai mutum ma yana da inuwar da ake zama ciki? Mun fi minti goma kan jimlar nan ɗaya, wallahi na ji daɗi.

Ƙaramin shi dai yana matakin farko, ya danna hoton lasifika a karanta mai, ya maimaita.

Inda suka gaza, tsallen daga na biyu zuwa na uku ya yi yawa, wani lokacin sai ka ga sabbin kalmomi biyu bayan wadda ake koyarwa, yaro ya rikice. Ga talla kuma in an kunna data. Tauraro 4 na ba su cikin 5.