Aron Iri Ko Aron Jakar Yawon Daji: Laburare Zai Fara Da Wanne?

Masu kula da ɗakunan karatu sun sha yin wannan tambaya: idan ana so a kusanto da jama'a ga muhalli, aron iri za a fara ko aron jakar yawon daji? Duka biyun an gwada su a Amurka.

Aron iri, kamar wanda aka buɗe a laburaren Richmond ta jihar Kalifoniya a 2010, ba ya cin kuɗi sosai. Durowa da ambulan sun isa. Mutum ya ɗebi irin tumatir ko wake ya shuka, idan ya girbe ya mayar da kaɗan. Sai dai ba kowa ke mayarwa ba, kuma kabewa tana saurin gaurayuwa da ta maƙwabci, abin da aka dawo da shi ya fito daban. Zafi da laima ma suna kashe iri, dole a sami mai lura.

Ita kuwa jakar da jihar Kolorado ta fara bayarwa aro ta hannun ɗakunan karatu a 2016 tana ɗauke da madubin hangen nesa, takardun gane tsuntsaye da tsirrai, da izinin shiga gandun dajin jiha kyauta. Ta fi tsada, kaya na ɓacewa, sannan sai hukumar gandun ta yarda. Amma yaro yana cin moriyarta a ranar, ba jiran damina. Wajen ɗorewa, a ganina iri ne a gaba, tunda shi ke sabunta kansa.

Laburaren da jama'arsa ke da fili a gida amma kuɗinsa kaɗan ne, iri ya fi masa. Wanda ke kusa da gandu kuma yake da mai ɗaukar nauyi, jakar ce ta dace da shi.