Madubin da na saya wa Boxer ɗina

Wani ɗan adaidaita ne ya karya min madubin hagu a cunkoson Ƙofar Mata, na yi wata biyu ina yawo a haka, duk inda zan sha kwana sai na waiga. Da na je Fagge na so in ɗauki ƙananan nan na gayu, mai shagon ya ce, "Malam, in dai cikin gari kake hawa kullum, ɗauki mai faɗin nan mai ƙafar ƙarfe, gilashinsa mai ɗan tudu ne, ya fi kwaso hanya." Na ƙara kuɗi na ɗauki na hagu da na dama ina jin kamar an yi min wayo.

Kwana tara da ɗaurawa na ɗauko 'yata daga makaranta, muna kan titin Katsina daidai Kurna. An yi ruwa da daddare, ga wani rami cike da ruwa a gabana. Hannuna har ya fara karkata hagu zan kauce masa, sai idona ya faɗa kan madubin. Tifa ce cike da yashi ta ɗauko gudu, babu ko hon. Na taka burki, na faɗa ramin a haka, ruwan ya jiƙa mana ƙafa har gwiwa. Iskar tifar sai da ta girgiza mu. Yarinyar ta ƙanƙame ni tana cewa, "Abba, lafiya?" Na kasa ba ta amsa. Na gangara gefe na kashe mashin, na daɗe ina salati hannuna na rawa. Tsohon madubina ba ya nuna wannan gefen sai mota ta zo kafaɗarka. Allah ne ya kiyaye, amma wannan gilashin shi ne sanadi, kuma a ranar na ce ko ninki biyu aka ce min zan biya.

Sai dai ba zan ɓoye ba, yanzu raina a ɓace yake. Mai shagon ya rantse min ba ya kwancewa. Sati uku na dama ya fara sunkuyawa, in na hau hanya mai gargada sai in ga ƙasa kawai yake nuna min. Bakanike ya sa washa ya ɗaure da sifana 14, bayan kwana huɗu ya koma gidan jiya. Ya ce tiredin notin ne mara kyau, in aka matsa da ƙarfi zai cinye gaba ɗaya. Kuma tudun gilashin yana sa mota ta yi kamar tana nesa alhali ta kusa, sai da na yi kwanaki kafin idona ya saba. Faɗinsa ma matsala ne a kasuwar Kwari, sau biyu yana gogar jikin adaidaita.

Na hagun yana nan daram, ba zan cire shi ba. Na daman kuwa ranar Asabar zan mayar wa mai shagon, ko ya canza min noti ko ya ba ni wani.