Boris ɗin feda mai rufi: abin da na gani bayan damina ɗaya

Kekena na gwanjo ne, da shi nake zuwa aiki daga Ƙofar Marusa a Katsina zuwa wajen Batagarawa. Ƙarshen hunturun bara ya fara wata ƙara a tsakiya, daidai inda sandar feda ta ratsa jikinsa: ƙas, ƙas, duk sanda na danna ƙafar dama. Na kai wa wani yaro mai gyara a bakin titi, ya sa guduma ya bubbuga zoben, ya ɗiga baƙin mai, ya ce an gama. Kwana 4 ƙarar ta dawo, fedar har da rawa.

Sai aka yi mini kwatancen wani dattijo kusa da babbar kasuwa. Da ya buɗe wurin ni kaina na ji kunya. Giris ya cakuɗe da ƙura ya zama taɓo, ƙwayoyin boris ɗin, 11 a kowane ɓangare, wasu sun yi tsatsa, wasu sun ɓare. Ya ce ko a zuba sababbi mu riƙa buɗewa ana wankewa, ko a sa irin wanda aka rufe boris ɗinsa cikin gwangwani tun daga kamfani. Na zaɓi na biyu, na kamfanin Shimano. Kafin ya aiki yaronsa ya sayo shi sai da ya auna faɗin gidan boris ɗin, milimita 68, ya kuma auna tsohuwar sandar, don idan tsawon ya saɓa, sarƙa ba za ta zauna daidai ba.

Yadda ya ɗaura shi ne ya sa nake wannan rubutu. Ya ɗauki tsohon buroshin haƙori da kananzir ya wanke tiredin ciki, wato haƙoran da ake murza shi a kai, tas, ya goge da tsumma, ya shafe shi da giris da yatsa ciki da bai. Da hannu zalla ya fara murzawa, bai taɓa sifana ba sai da abin ya shige sumul. Na ga yana murza na ɓangaren sarƙa ta hagu, na kasa yin shiru.

"Baba, ai kwancewa kake yi."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ɗana, wannan ɓangaren bahago ne. Ta hagu yake ɗauruwa."

Haka tsarin Ingila yake, wanda yawancin kekunanmu ke bi, don kada tuƙi ya riƙa kwance shi a hankali. Na Italiya faɗinsa milimita 70 ne, duka ɓangarorin ta dama suke ɗauruwa. Masu tsohon Raleigh ƙirar Ingila kuma su kula: haƙoran tiredinsa 26 ne a inci guda, ba 24 irin na yawancin kekunanmu ba. Aka tura masa mai 24 da ƙarfi, tiredi ya mutu, jikin keken aka kashe.

Ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ruwan sama yana bin bututun sirdi ya gangara ya kwanta a gidan boris. Akwai ɗan rami a ƙasa na fitar ruwa, nawa ya toshe da laka. Ya zokale shi da waya, ya zare sandar sirdi ita ma ya shafa mata giris. Ya kuma ja mini kunne kan kai keke wurin masu wankin mota su feshe shi da inji.

An yi damina an gama, na ratsa ruwan Agusta da ke kwanciya a lungunanmu ba sau ɗaya ba, feda tana juyawa shiru kamar ranar farko. Notin hannun feda na hagu ne kawai ya saki bayan mako guda, na koma ya ƙara ɗaurewa bai karɓi ko sisi ba.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Ya fi ƙwayoyi tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a gyara shi: ranar da ya mutu sai sabo. Sannan ba ya kwantuwa sai da makullinsa mai haƙora 20, wanda ba kowane mai gyara ke da shi ba. Wanda ke ƙauye, inda guduma ce maganin komai, gara ya zauna kan ƙwayoyinsa ya riƙa sabunta giris kafin damina. Ni dai na sayi makullin nawa, yana cikin 'yar jaka a ƙarƙashin sirdi.