Wata uku da saka Deco M4 a gidanmu, ga abin da na gani

Tun da na ɗora hoton fararen na'urorin nan masu baza Wi-Fi a duk gida a WhatsApp mutane ke ta tambayata ya suke, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Gidanmu bene ne, rautar da muke saka wa layi tana falon ƙasa, kuma duk wanda ya san ginin bulo da dakin na kankare ya san sigina ba ta haye shi da daɗi, balle zangon Wi-Fi na 5GHz ɗin nan mai gudu, ita siginar 2.4GHz ta fi ratsa bango amma akwai jan ƙafa. Da farko wata ekstenda mai arha, wato na'urar ƙara wa sigina nisa, na siyo a kasuwa, ta buɗe nata sunan Wi-Fi daban, sai ka hau sama kana kiran bidiyo wayar tana nan maƙale da ta ƙasa kamar kaska, sanda ɗaya tilo, ga ekstendar a gabanka tana ƙifta ido amma ko kallo ba ta ishe ta ba, sai ka kashe Wi-Fi ka sake kunnawa. Hajiya har cewa take, wai kai wannan abin naka sai an yi masa tofi ne?

Shi ne na koma TP-Link Deco M4 mai guda uku. Ɗaya a falo na haɗa ta da rauta da kebul, ɗaya a sama, ɗaya ta wajen ɗakin samari. Suna ɗaya, faswod ɗaya, saitin duk a manhajarsu ake yi sai dai za ka buɗe akawun da imel tukuna, ban sha wata wahala ba.

Amma ga abin da mai shago bai gaya min ba sai da na zauna na yi karatu, wallahi ba na'urar ce ke ɗauke wayarka ta kai ta wata ba, wayar ce da kanta ke yanke hukuncin tsallakawa, ita na'ura shawara kawai take bayarwa. Akwai ƙa'idojin Wi-Fi uku da ke taimaka mata, 802.11k shi ke ba waya jerin na'urorin da ke kusa don kar ta tsaya lalube, 802.11v shi ke ce mata ke ga wadda ta fi kusa can ki koma, tana iya ji tana iya ƙi, sai 802.11r da ke gajarta doguwar gaisuwar tantancewa in an isa sabuwar, shi suka rubuta Fast Roaming a manhajar. Apple ma sun bayyana nasu ƙa'idar, iPhone ba ta fara neman wata sai sigina ta sauka zuwa -70 dBm a ma'aunin ƙarfin sigina, kuma sai sabuwar ta fi da 8 dB in ana cikin aiki, 12 in tana zaune haka nan. Da na ga wannan ne na gane laifina, ta sama na dasa ta daidai saman ta falo, to siginar ba ta taɓa raunin da waya za ta ga dalilin tashi, da na matsar da ita ƙarshen korido shikenan, yanzu ina hawa matattakala ina magana da ƙanena da ke Saudiyya ko ɗan tsinkewar nan ba na ji.

Fast Roaming kuwa na kunna na kwana biyu sai tsohuwar kyamarar bakin get ta ƙi hawa sam, ashe wasu tsofaffin kaya ba sa jituwa da shi, na kashe, kuma gaskiya bambancin bai taka kara ya karya ba.

In za ka saka, ja kebul tsakaninsu in da hali, kowacce tana da ramin kebul biyu, gudun ya fi sosai a kan su riƙa magana ta iska ta cikin dakin. Sannan ka ɗora dukansu a kan inbata, don in an ɗauke wuta aka dawo da ita, wadda ta riga tashi ita talabijin da sauran kaya za su rungume, sai ka tarar da talabijin ɗin sama yana jan sabis daga ɗakin samari har sai ka kashe shi ka kunna.