Cross-reference na Word a aikin kundin ɗalibai: abin da na gani

Sana'ata buga kundin kammala digiri ce a wajen Kabuga, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban Jami'ar Bayero ne. Wahalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta lambobi: sufabaiza ya ce a cire Jadawali na 4.2, sai duk inda aka rubuta "duba Jadawali na 4.3" ya koma nuna abin da ba shi ba. Shi ya sa na rungumi Cross-reference da ke ƙarƙashin References a Word, wanda ke haɗa lambar da ke cikin jimla da taken jadawalin, kuma har yau da shi nake aiki.

Sai dai yana da sharuɗɗa. Jadawalin da aka buga wa lamba da hannu ba ya fitowa a jerin zaɓi, sai wanda aka yi wa take da Insert Caption. Kuma lambar da ke cikin jimla ba ta canzawa da kanta idan an sauya tsari. Sai ka danna Ctrl da A, sannan F9. Ko hakan ma ba ya shiga bayanan ƙasan shafi, su sai ka shiga cikinsu ka maimaita.

Inda aka fi shan wuya shi ne ɓoyayyar alamar da manhajar ke sakawa a kan taken, wadda sunanta ke farawa da _Ref. Ido ba ya ganinta. Mutum ya goge take ya sake bugawa don gyara kalma ɗaya, alamar ta tafi, amma a fuskar kwamfuta komai lafiya lau. Sai an sabunta, ko an zo bugawa a kwamfutar da aka saita Word ɗinta ya sabunta kafin bugu, a ga "Error! Reference source not found." da baƙin rubutu mai kauri. Wata ɗaliba ta kai fayil ɗinta wani shago, mai shagon ya taɓa taken jadawalan, ya buga, aka yi bayindin, sai a babi na huɗu ta ga wannan jimlar. Kuɗin takarda da na bayindin duk sun tafi, ga ranar miƙawa ta matso. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san yadda iyaye ke haɗa wannan kuɗi.

Haka kuma idan Track Changes, mai nuna gyare-gyaren da aka yi, na kunne, jadawalin da aka goge yana nan cikin lissafi har sai an amince da gyaran.

Yanzu kafin aiki ya bar hannuna, nakan sabunta, in nemi kalmar Error da Ctrl da F, in mayar da shi PDF, shi ɗalibi zai kai wurin bugu. Ga kundi mai jadawali da yawa ina ba da shawarar amfani da Cross-reference ba tare da shakka ba. Asaimen mai shafi goma kuwa, a buga lambar da hannu ya fi sauri.