Bindiga mai fistin ko mai bututun hayaƙi: abin da za a auna kafin a zaɓa

Wanda aka ɗora wa nauyin zaɓar bindigogi domin wata rundunar tsaro, ko mai wasan harbi a ƙasa irin Amurka inda doka ta bai wa farar hula damar mallakar bindiga samfurin AR-15, ba zai yi nisa da bincike ba sai ya tarar da tsohuwar muhawarar nan kan yadda bindiga ke ɗora wa kanta sabon harsashi: tsarin fistin ko na bututun hayaƙi, wanda 'yan kasuwa ke taƙaita sunansa da DI (direct impingement). A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja cikin jerin waɗanda aka haramta wa ɗaiɗaikun mutane, saboda haka a can maganar ta hukumomi ce da masu kula da rumbunan makamansu. Masu tallar fistin sukan ce bindigarsu ba ta ƙazanta kuma ba ta cijewa, ɗaya ɓangaren kuma su ce tasu ta fi sauƙin nauyi da araha da saiti. Kowane ɓangare yana da gaskiya a wani wuri, amma abin da shekaru sittin na amfani suka nuna shi ne, tsarin hayaƙi ba shi ne abu na farko da ke sa bindiga ta yi aiki ko ta ƙi ba, kuma ƙarin kuɗin fistin yana biyan kansa ne a wasu ayyuka ƙalilan da za a iya lissafawa.

Dukkan tsarin biyu suna ɗibar wani kaso na hayaƙin da ke tura harsashi, ta wata 'yar huda da ke jikin bututun bindiga, su yi amfani da ƙarfinsa wajen buɗe sakata (ƙarfen da ke kulle harsashi a ɗakinsa), fitar da kwanson da aka harba, da ɗora sabon harsashi. Bambancin yana inda hayaƙin ke ƙarewa. A bindiga mai fistin, hayaƙin yana bugun kan fistin a can gaba, a saman bututu, fistin ɗin ya tura sanda, sandar ta tura mariƙin sakata baya, ragowar hayaƙin kuma ya fice daga gaba. AK-47 ta Mikhail Kalashnikov, wadda kowa ya san kamanninta a Afirka ta Yamma, tana da fistin mai doguwar tafiya, wato yana haɗe da mariƙin sakata suna tafiya tare har ƙarshe. FN FAL ta Beljiyam, da G36 da HK416 na kamfanin Heckler & Koch na Jamus, da FN SCAR, nasu mai gajeriyar tafiya ne, yana bugu sau ɗaya ya tsaya, mariƙin sakata ya ƙarasa tafiyar da kansa. A tsarin da Eugene Stoner ya zana wa kamfanin ArmaLite a shekarun 1950 kuwa, wani siririn bututu ne ke ɗauko hayaƙin daga gaba ya kai shi har cikin mariƙin sakata, inda yake buɗewa a bayan sakatar, wadda ke ɗauke da zobba uku irin ringin fistin na mota. Shi kansa Stoner, a takardar mallakar fasaharsa da aka amince da ita a 1960, ya bambanta tsarinsa da na bugun hayaƙi kai tsaye irin na AG-42 ta Suwidin, domin a zahiri fistin ne a ciki, sai dai an mayar da shi tsakiyar bindiga, a layi ɗaya da bututu. Wannan daidaito shi ne tushen sauƙin nauyinta da kyawun saitinta, shi ne kuma dalilin da ya sa zafi da kunkunniya ke taruwa a inda sassa ke gogar juna.

Baƙin jinin tsarin Stoner ya samo asali ne daga yaƙin Biyetnam. Bayan an raba M16, wadda aka gina a kan tsarinsa, ga sojojin Amurka a tsakiyar shekarun 1960, kwanso ya riƙa maƙalewa a ɗakin harsashi ana tsakiyar faɗa, har aka rasa rayuka ta dalilin haka. Kwamitin majalisar wakilai da Richard Ichord ya jagoranta ya fitar da rahotonsa a 1967, kuma manyan dalilan da suka bayyana sun haɗa da sauya nau'in albarushin da aka gina bindigar a kansa zuwa wani da ya fi ƙazanta ya kuma ƙara saurin harbi, da raba bindigogin ba tare da isassun kayan gogewa da horo ba, ga kuma ɗakin harsashi da ba a lulluɓe shi da ƙarfen kurom mai hana tsatsa ba, a ƙasa mai tsananin laima. Da aka gyara waɗannan a M16A1, matsalar ta ragu ƙwarai ba tare da an taɓa tsarin hayaƙin ba.

Hujjar da masu fistin suka fi kafawa ita ce gwajin ƙura da rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta yi a sansanin gwaji na Aberdeen a ƙarshen 2007. An ɗauki bindigogi goma daga kowane samfuri, aka riƙa saka su a ɗakin da ake hura ƙura, aka harba harsashi 6,000 da kowace, wato 60,000 ga kowane samfuri. XM8 ta Heckler & Koch ta tsaya sau 127, SCAR sau 226, HK416 sau 233, ita kuwa M4, gajeriyar 'yar'uwar M16, wadda ita kaɗai ce mai bututun hayaƙi a cikinsu, ta tsaya sau 882. Lissafin ba ya buƙatar sharhi, kuma bai kamata mai saye ya kau da kai daga gare shi ba, musamman wanda bindigoginsa za su yi aiki a ƙurar hunturu da rairayin Sahel. Sai dai akwai abubuwa uku da mai talla ba ya ambata. Na farko, 882 cikin 60,000 bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, a yanayin da aka tsananta da gangan. Na biyu, 239 daga ciki an danganta su ne da gidan harsashi, wanda ba ruwansa da fistin ko bututu. Na uku, a wani gwaji makamancinsa da aka yi 'yan watanni kafin wannan, M4 ɗin ta tsaya sau 307 ne kawai, kuma idan samfuri ɗaya zai iya bayar da sakamako biyu masu nisa haka, to ba a gina hukunci a kan gwaji ɗaya. Wani darasin da gwaje-gwajen ƙura na wancan lokaci suka bayar ya saɓa wa abin da aka daɗe ana koya wa sojoji: bindigar da aka shafa wa mai sosai ta fi busasshiya jure ƙura, duk da cewa ƙurar tana manne wa man.

Maganar zafi ma tana buƙatar a tantance ta. Gaskiya ne mariƙin sakatar bindiga mai fistin yana zama da ɗan sanyi bayan dogon harbi, man da ke jikinsa ba ya saurin ƙonewa, kuma wannan fa'ida ce ta zahiri. Amma zafin bai ɓace ba, ya koma gaba ne, ƙarƙashin hannun mai harbi, kuma bututun bindiga yana ɗaukar zafinsa ko da wane tsari. A faɗan Wanat a Afghanistan, ranar 13 ga Yulin 2008, inda sojojin Amurka tara suka mutu, wasu bindigogi sun daina aiki saboda an yi ta harbi da su fiye da abin da bututunsu zai ɗauka, kuma gyaran da rundunar ta bi daga baya shi ne komawa M4A1 mai kaurin bututu.

Inda fistin ke nuna fifikonsa a fili shi ne gajeren bututu da salansa, wato na'urar rage ƙarar harbi. Idan aka rage bututu daga inci 20 na M16 ko inci 14.5 na M4 zuwa wajen inci 10, hayaƙin yana isowa da ƙarfi da zafi, sakata tana buɗewa da gaggawa, sassa kuma suna saurin gajiya. Idan aka ƙara salansa, matsin da ke komowa baya yana ƙaruwa, hayaƙi ya riƙa fita kusa da fuskar mai harbi, ciki kuma ya yi baƙi cikin ɗan lokaci. Wannan buƙata ta dakaru na musamman ce ta haifi HK416 a farkon shekarun 2000, kuma yawancin bindigogi masu fistin na zamani suna da makunnin rage hayaƙi ko ƙara shi. Duk da haka, salansa tana mayar da wani hayaƙin ta cikin bututun kansa, saboda haka mai fistin ma tana ƙazanta, sai dai ba kamar ɗayar ba.

Farashin wannan fifiko yana zuwa ta hanya huɗu, kuma na ƙarshe ne ya fi ciwo. Akwai nauyi, domin HK416 mai bututun inci 14.5 ta fi M4 da kimanin rabin kilo, mafi yawansa a gaba, abin da wanda ya yini da bindiga a kafaɗa yake ji. Akwai kuɗi. Akwai karkacewar mariƙin sakata, domin sandar fistin tana bugunsa ne daga sama da layin bututu, sai bayansa ya duƙa ya riƙa cin bakin bututun sifirin; bindigogin da aka zana da fistin tun asali sun magance wannan, amma kayan sauya tsari da ake ɗora wa AR-15 ta yau da kullum sun sha fama da shi, kuma shawarar da ta fi dacewa ita ce a guje su. Sai kuma kayan gyara. Sakata da mariƙinta da bututun hayaƙi na tsarin Stoner suna da ma'auni guda da ɗimbin kamfanoni ke bi, na wannan yana shiga na wancan, alhali fistin da sandarsa da sifirinsa kowane kamfani da irin nasa. Rundunar da ta sayi bindigogi dubu masu fistin ta ɗaure kanta ga maƙeri ɗaya, kuma ranar da aka samu tsaiko wajen izinin fitar da kaya daga ƙasar da ke ƙerawa, ko kamfanin ya daina samfurin, ƙaramin sifirin zai iya ajiye bindiga a rumbu tsawon watanni.

Ta fuskar kulawar yau da kullum, mai bututun hayaƙi tana son mai fiye da yadda take son kankara. Kunkunniyar da ke daskarewa a wutsiyar sakata munin gani gare ta, amma da wuya ta tsayar da bindiga muddin mariƙin yana jiƙe da mai. Abubuwan da mai kula da makamai zai riƙa dubawa su ne zobban nan uku, da sifirin ɗin ƙugiyar da ke fizgo kwanso, da kusoshi biyu da ke riƙe da bakin da hayaƙi ke shiga a saman mariƙi, waɗanda dole a daddale su yadda ba za su kwance ba, da haƙoran sakata da gefen ramin da ƙusar juyawa ke shiga, domin nan ne tsagewa ke fara bayyana bayan dubban harsasai. Shi siririn bututun ba a cika taɓa shi ba, canza shi ake yi idan ya lalace. Mai fistin kuwa cikinta na saurin goguwa, amma an ƙara mata wurin aiki: sai an ciro fistin an kankare daskararriyar kunkunniya daga kansa da cikin makunnin hayaƙi, wanda yakan cije idan aka daɗe ba a juya shi ba, kuma galibin kamfanoni suna umartar a bar kan fistin a bushe, domin mai yana ƙonewa a wurin ya zama ƙarin datti. Masu amfani da tsofaffin harsasan AK masu barin gishirin da ke jawo tsatsa sun san cewa fistin da bututunsa ne ke fara ruɓewa idan aka kwana ba a wanke ba.

Zaɓin manyan rundunoni bai raba gardamar ba. Norway ta ɗauki HK416 a 2007, Faransa ta zaɓe ta a 2016 domin maye gurbin tsohuwar bindigarta FAMAS, sojojin ruwa na musamman na Amurka, wato Marines, suna riƙe da wani nau'in HK416 da sunan M27, kuma bindigar kamfanin SIG da sojan ƙasa na Amurka suka zaɓa a 2022 mai fistin ce. A ɗaya gefen, New Zealand ta ajiye Steyr AUG mai fistin ta koma MARS-L mai bututun hayaƙi bayan zaɓin da ta yi a 2015, Birtaniya ta saya wa wasu dakarunta KS-1 ta kamfanin Knight's Armament a 2023, Kanada kuma ta shafe shekaru da dama da C7 da C8.

Saboda haka, wanda aikinsa ya ƙunshi bututu mai kimanin inci 10 ko 11, da salansa a kullum, da yawan harbi a jere, kuma yana da tabbacin samun kayan gyara daga kamfanin na tsawon shekaru, fistin da aka zana tun asali ya cancanci kuɗinsa. Wanda zai riƙe bututun inci 14.5 zuwa 20 domin sintiri, gadi, ko harbin gasa, mai bututun hayaƙi daga kamfani mai bin ma'aunin soja ta ishe shi, kuma a bututun inci 16 gara a nemi mai matsakaicin tsawon layin hayaƙi, wanda ya fi gajeren taushi a kan sassa. Rarar kuɗin da ta rage gara a zuba ta a gidajen harsashi masu inganci, a sa wa kowanne lamba domin a gane mai ba da matsala a cire shi, da sakata ta ajiya, da mai. Kafin a sa hannu a kan kowace yarjejeniya, a nemi mai sayarwa ya rubuta adadin harsasan da kowane sashe zai ɗauka kafin a canza shi, da farashin sashen, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya iso, sannan a gwada samfuran biyu da irin harsashin da za a riƙa amfani da shi, a cikin ƙurar wurin da za su yi aiki.