Rini na koya a ɗakin zanen matan nan, amma abin da suka rubuta a kan mayafin Mma bai bar raina ba

Tun da na ɗaura zanen da na rina da hannuna zuwa wani suna a Mamobi, mata suke tare ni da tambaya: ina kika koya, kuma wajen ya ci kuɗinsa? Ga amsar a wuri ɗaya. Ɗakin zanen matan nan ne da kuke ganin tallarsu a Instagram, masu rajin haƙƙin mata. Ba zan kama suna ba, wadda ta sani ta sani, kuɗin rajistar ma kun san shi. Ni ɗinki da lalle ne sana'ata, a unguwar Nima ta birnin Accra aka haife ni, a nan nake zaune. A Chale Wote, bikin zane-zanen kan titi na Accra, na fara ganinsu cikin watan Agusta, sun shimfiɗa farin yadi a bakin titi suna miƙa wa yara mata burushi da fenti. Ɗiyata ta ƙi tashi daga wajen, ni kuma na karɓi lambarsu. Da suka buɗe ajin rini da buga zane a yadi, na biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na shiga.

Gaskiya a farko sun burge ni ƙwarai. Da shigarki za ki ga bango cike da hotunan mata. Akwai Theodosia Okoh, wadda ta zana tutar Gana a 1957, tutar da muke ɗagawa kowace 6 ga Maris alhali da yawanmu ba mu san mace ce ta zana ta ba. Akwai Felicia Abban, mai ɗaukar hoto da ta yi shagonta a Jamestown, ta kuma yi wa Kwame Nkrumah aiki. Ga matan Sirigu na arewa suna yi wa bangon ɗakunansu zane da jar ƙasa da baƙi da fari. Ba a hana zuwa da goyo, akwai tabarma a inuwa don yara. Da azahar ta yi na tambayi inda zan yi salla, nan da nan aka share mini kusurwa, washegari na tarar sun sayo buta sabuwa. Wannan ban manta ba, kuma ba zan ɓoye shi don ina fushi ba.

Malamar rini ita ce dukiyar wajen. Dattijuwa ce daga yankin Volta, hannayenta sun rine har ƙumba, kowa Anti yake ce mata. Ba ta da yawan magana. Za ta narkar da kaki a faffaɗan kwano kan kurfoti, ta miƙo miki hatimin soso da aka yanka da reza, ta ce ki tsoma, ki karkaɗe sau ɗaya, ki dangwala a yadin ki ɗaga. In kakin ya yi zafi da yawa zai malale ya ɓata zanen, in ya huce zai zauna a saman yadi bai shiga zare ba, ruwan rini ya bi ta ƙarƙashinsa. Da ido take gane zafin, ta kan hayaƙin da ke tashi. Ita ta koya mana haɗa garin rini da soda da haidros, sinadarin da ke sa garin ya narke ya kama yadi, da ake sayowa a kasuwar Makola, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ruwan ba safar hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fitar da yadi daga baho: kin zuba shuɗi, ya fito kore-kore, ki shanya a igiya, kina tsaye iska tana shigarsa yana juyewa shuɗi a gaban idonki. Daga nan sai tafasasshen ruwa a cire kakin. Kakanninmu sun san wannan a marinar Ƙofar Mata a Kano, inda maza ke bakin rami mata kuma na ƙulla zane a cikin gida. A nan mu ne a bakin baho, mu ne masu ƙulli.

Anti ce ta tambaye mu wata rana ko akwai launin da muka taso da shi a gida. Na ce jan karan dafi. Mma mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana, ta sayar a bakin kasuwar Nima har ƙarfinta ya ƙare, da shi ta biya mana makarantar boko da ta allo. Kafin asuba za ta jefa karan dafi da ɗan kanwa a tukunya, ruwan ya koma ja wur, shi ne ke ba shinkafa da wake launin nan da kuka sani. Dukawa ma da shi suke rina jar fata. Anti ta ce in kawo mu gwada. Na sayo dami ranar Laraba, ranar kasuwa, muka jiƙa yadin a ruwan alif, muka dafa shi a ruwan karan dafi. Bai fito ja kamar na tukunya ba, ya fito ruwan ƙasa mai ja-ja, irin launin waakyen da ya kwana a wuta. Na tsaya ina kallo hawaye suna zubo mini.

A kan wannan yadin na yi aikin da za a baje a ƙarshen aji. Na buga masa hoton tukunya da ludayi da ganyen da ake naɗe waakye. Sannan na ɗauko mayafin Mma, fari mai ɗigon shuɗi, wanda take yafawa zuwa masallaci da wa'azi. Ya tsufa har ya fara yagewa a wajen ninki, ba ya yafuwa, kuma ba zan iya yar da shi ba. Na yanke inda ya mutu, na raba mai kyan gida-gida, na ɗinke su da hannu a kewayen tukunyar, kowane da zaren da ya dace. Nufina ɗaya ne: mayafin ya zauna a inda ba zai ƙara lalacewa ba, jikokinta su gan shi.

Ranar baje koli na gayyaci Gwaggo, ƙanwar Mma, da ɗiyata da ƙawayena na adashi. An cika, har da Turawa da mutanen da ake cewa daga ofisoshin jakadanci suke. Aikina yana bangon da ke fuskantar ƙofa, wuri mai kyau, na ji daɗi. A gefensa an liƙa wata farar takarda da rubutun Turanci. Gwaggo ba ta karatun boko, sai ta ce wa ɗiyata, "Ke, karanta mini abin da aka ce a kan Yaya." Yarinyar ta fara karantawa, ta tsaya, ta dube ni. Na matsa na karanta da kaina.

An rubuta wai ni mace ce daga Zango da ta yayyanka mayafin mahaifiyarta don ta nuna ta kuɓuta daga danniyar da addini da al'ada suke yi wa matan Musulmi. Wai tukunyar alama ce ta bautar da aka ɗaure uwata a cikinta. Da sunana a ƙasa. Ni ina tsaye a gaban takardar da mayafina a kaina.

Gwaggo ta matsa sai an faɗa mata. Da ta ji, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗiyata, abin da kika kawo ni in gani ke nan? Yayata da ta yi Hajji da kuɗin tukunyar nan?" Ta gyara mayafinta ta fita ta zauna a waje. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma a kan maganar da ban faɗa ba. Babu wanda ya tambaye ni me aikin yake nufi. Wata budurwa da ke kula da shafinsu ta taɓa tsayawa kaina ina ɗinki ta ce, mayafin waye, na ce na mahaifiyata ne, ta rasu. Iyakar hirar ke nan. Sauran duk daga kanta ta ƙago, ko daga abin da ta san masu ba su tallafi suna son ji.

Na nemi shugabar wajen a cikin taron. Ta saurare ni da murmushi, ta ce ai fasaha kowa da yadda yake fassara ta, kuma baƙi sun yaba da aikin sosai, in bari a tashi mu zauna. Na ce mata, Madam, fassarar mai kallo daban, rubutun da aka sa sunana a ƙasansa daban. Ta ce za ta duba, ta juya wajen wani Bature. Anti ce ta ji abin da ake ciki, ta zo ba ta ce wa kowa komai ba, ta sa farce ta ɓanɓare takardar daga bango, ta ninke ta miƙo mini. Ta fita ta durƙusa gaban Gwaggo ta ba ta haƙuri da 'yar Hausar da ta koya a kasuwa, tana ce mata Mma Hajiya. Don ita kaɗai Gwaggo ta koma ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a wajen da ake cewa an buɗe don a ji muryar mata aka yi mini wannan. Kullum a zaman da'irar da ake yi bayan aji ana cewa kada wani ya yi magana a madadinki. To ga shi an yi a madadina, an kuma yi a madadin matar da ke kabari. Mu a Zango muna da matsalolinmu, ba na musu. Akwai auren wuri, akwai mazan da ke sakin mace da yara su ɓace, akwai yarinyar da ake cirewa daga makaranta a ɗora mata talla. Da an tambaye ni da na faɗa da bakina. Amma a ƙasar nan faɗan da 'yan matanmu suke yi a makarantu da wuraren aiki na a bar su su sa mayafi ne, ba na a cire musu ba, kowa ya san wannan in yana son sani. Kuma karatun mata ba baƙo ba ne a wajenmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗan Fodiyo tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye su karantar da mata tun kafin rasuwarta a 1864. A bangon nan mai cike da hotuna babu mace Musulma ko ɗaya, sai bayan abin ya faru na lura.

Tun da raina ya ɓaci, sauran abubuwan da na yi ta haɗiyewa suka dawo mini. Ba a fara aji kan lokaci, ke kuwa kin rufe shago, kin canja motar haya ta trotro a Circle cikin cunkoso. An ce kuɗin rajista ya haɗa da kayan aiki, amma yadi mu muka riƙa saya, da uzurin wai tun gobarar kasuwar gwanjo ta Kantamanto ta watan Janairun 2025 kyallayen da suke samu da araha sun yi wuya. Zaman da'ira da Turanci ake yinsa, irin na jami'a, wani lokaci a juya zuwa Twi. Akwai 'yan mata kayayo, masu dakon kaya a ka a kasuwa, da suke kawowa kyauta daga Agbogbloshie, abin a yaba, amma yaran suna zaune shiru daga farko har ƙarshe, ba mai fassara musu da Dagbani ko Hausa. Hotonsu kuwa kullum yana shafi. Ni nake juya musu abin da na iya, kuma ɗaya daga cikinsu ta fi mu duka hannun yanka hatimi.

Duk da haka akwai ranar da suka kawo wata lauya ta yi mana bayanin dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007, da yadda ake kai ƙara ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, da abin da mace za ta riƙe na shaida. Wata maƙwabciyata ta amfana da abin da na kawo mata daga zaman nan, ba zan faɗi fiye da haka ba. Shi ya sa na kasa cewa kada a je. Ajin yara na ranar Asabar ma yana da kyau, ɗiyata tana zuwa har yanzu, don malamarsu mai zanen fenti tana da haƙuri kuma ba ta cusa musu komai.

Daga baya shugabar ta kira ni ta ba da haƙuri a waya, ta ce an yi gaggawa ne wajen rubutun. Na karɓa. Ta ce wata baƙuwa tana son sayen aikin da daraja, su cire kasonsu su turo mini saura. Na ce ba na sayarwa ba ne, na je na naɗo abina. Amma hoton aikin da rubutun nan yana nan a Instagram ɗinsu har yau, da Turawa a ƙasa suna yaba jarumtakata. Na yi magana, an ce mai kula da shafin ta yi tafiya. Na sake yi, an ce za a gyara. Ɗan Yayana ya gani ya turo wa dangi, sai da na bi gida-gida ina bayani.

In rini kike so ki koya, ki je, ki nemi ajin Anti, za ki fito da sana'a a hannunki. Ni yanzu ina karɓar odar ankon biki da yadin da na rina da kaina, kuɗin rajistata ya daɗe da dawowa. Amma kada ki sa hannu a takardar izinin ɗaukar hoto da suke bayarwa ranar farko sai an karanta miki ita da harshen da kike ji, kuma in za a rataye aikinki ki ce sai kin ga abin da za a rubuta a gefensa kafin a buɗe ƙofa. Ni ba zan sake ba su aikina su baje ba sai sun sauke rubutun nan daga shafinsu.